Riɓi ɗarin da Yesu ya alkawarta, a hannun wa yake?

A Markus 10:28 Bitrus ya fito fili ya ce wa Yesu, ga shi mun bar kome mun bi ka. Yesu bai tsawata masa ba, bai kuma ce ya yi shiru sai an je sama ba. Sai ya jera abubuwan da mutum kan bari: gida, 'yan'uwa maza da mata, uwa, uba, 'ya'ya, gonaki. Ya ce wanda ya bar waɗannan saboda shi da bishara zai sami riɓi ɗari tun a wannan zamani, gidaje da 'yan'uwa da iyaye mata da 'ya'ya da gonaki, haɗe da tsanani, a zamani mai zuwa kuma rai madawwami. Daga Jos har Maraɗi ana karanta wannan nassi a majami'un Hausa, jama'a su amsa da amin. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, gida da gona ba sa faɗowa daga sama. A hannun mutane suke. Saurayin da aka kora daga gidansu jiya da dare saboda ya bi Almasihu, in zai sami gidaje ɗari, ƙofofin waɗansu mutane ne za su buɗe masa, mutanen kuwa su ne ke zaune a benci suna cewa amin.

Rai madawwami na Allah ne, shi kaɗai ke bayarwa. Amma a ganina kason wannan zamani ta hannun ikilisiya aka shirya biyansa. Ikilisiyar da ke wa'azin ɗaukar gicciye kowace Lahadi, alhali ba ta da rumbu, ba ta da ɗaki, ba ta da ko layi ɗaya a kasafin kuɗinta domin wanda ya ɗauki gicciyen da gaske, bashi take ci da sunan Ubangiji ba ta biya.

Masu bi na fari haka suka ɗauki maganar. Barnaba gonarsa ya sayar ya kawo kuɗin gaban manzanni. Da gunaguni ya tashi a Urushalima cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, ba a ce su yi haƙuri su dubi sama ba, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu hannu domin wannan aiki. A 1 Timoti 5 har rajista ake da ita ta gwauraye, da sharuɗɗan shiga, da shekarun da aka yanke, wato 60. Duk inda aka kai ga rajista da sharaɗi, an wuce tausayin lokaci ɗaya, an shiga tsari.

Kafin lada dai sai an san farashi. A Luka 14 Yesu ya juya ga taron da ke biye da shi ya ba su misalin mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi, da na sarkin da ke da soja dubu 10 zai tari mai dubu 20. Shi da kansa bai yarda a bi shi da ka ba. To, mu yi lissafin da kayan ƙasarmu.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini. Sai dai doka ba ta tilasta wa uba ya ci gaba da ciyar da baligin ɗansa, ba ta kuma tilasta wa kowa ya sayi kaya a shagon wanda ba ya so. Ga wanda ya bar Musulunci ya zama Kirista, abin da ke fara tafiya shi ne wurin kwana da kwanon tuwo, sau da yawa a rana ɗaya. Gona ke biye, domin a ƙauyukanmu saurayi ba kasafai yake da tasa ba, ta gandu ce a hannun maigida, gayaunar da aka yanka masa ma wanda ya bayar zai iya karɓewa. In ɗan kasuwa ne, ubangidansa zai janye jari, masu ba shi kaya bashi su daina, masu bin sa kuɗi su taso a lokaci ɗaya, waɗanda yake bi kuma su yi kunnen uwar shegu. In yana da aure, a fiƙihun da ake bi a ƙasar Hausa barin Musulunci yana raba aure, bambancin addini kuma yana hana gado, don haka mata za ta koma gidansu, yara yawanci su bi ta ko su zauna hannun dangi, shi kuma ba shi da rabo a abin da mahaifinsa zai bari, sai abin da aka ga dama aka ba shi tun ana raye. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a tunawa da su sai an nema: takardun makaranta, takardar shaidar ƙaramar hukuma, layin wayar da aka yi rajistar asusun banki da shi, duk an baro su a cikin akwati a ɗakin da ba zai iya komawa ba.

A wajen Maguzawa na ƙauyukan Kano, Katsina, Jigawa da Zariya lissafin ya ɗan bambanta. Kora ba ta cika yin zafi haka ba, amma matar da dafa giya ce sana'arta, da ita take yi wa 'ya'yanta sutura, ranar da ta shiga ajin baftisma za a ce ta kife tukunya. Wanda ya ce ta kife, ya kamata ya zo da amsar abin da za ta ɗora a madadinta. Mai mata biyu ko uku kuwa, in aka matsa masa ya sallami sauran, shi za a yaba wa, su kuma matan da 'ya'yansu su ne za su biya kuɗin tubansa.

Adalci ya sa a faɗa cewa wannan ɗaci ba gefe ɗaya yake sha ba. Ɗan gidan Kirista da ya musulunta a Filato ko kudancin Kaduna shi ma yakan tarar da ƙofar gidansu a rufe. Wanda ya san zafin abin a jikin nasa, bai kamata ya yi wa ɗan wani ba.

Yanzu ga inda ikilisiya ke ɓata lamarin, yawanci da kyakkyawar niyya. Kuskure mafi muni shi ne ɗora sabon tuba a bagade tun makon farko ya ba da shaida. Mutum goma za su ɗaga waya, kafin a tashi sujada bidiyon ya shiga WhatsApp da Facebook, kafin dare ya isa wurin kawunsa. Abin da dangi za su iya haɗiyewa a ɓoye, da zarar ya zama abin kunya a bainar jama'a dole su ɗauki mataki, ko da zuciyarsu ba ta so. Shaidar minti biyar ta toshe hanyar sulhun da shekara biyu ko uku za ta iya buɗewa. Haka ma gaggawar canza masa suna. Ibrahim, Musa, Maryamu, Haruna, duk suna cikin Littafi Mai Tsarki, sunan da uwa ta saba kira kuma igiya ce da bai kamata ikilisiya ta tsinka da hannunta ba.

Na biyu, jibge shi a gidan fasto. Gidan fasto shi ne wurin da za a fara nema in rikici ya tashi, ga shi albashin faston ko iyalinsa bai isa ba, bayan wata biyu matar fasto ta gaji, baƙo ya ji a jikinsa. Abin da ya fi aiki shi ne a sami gida ɗaya na masu bi da suka manyanta, namiji wurin dattijo, mace wurin dattijuwa, a yanka musu hatsi da kuɗin cefane daga baitulmalin ikilisiya kowane wata, a kuma faɗa musu tun farko tsawon lokacin, misali wata shida, da damar sabuntawa sau ɗaya. Yawo da shi gida gida kowane mako yana mai da shi almajirin bara. Waɗanda suka san inda yake kada su wuce mutum uku ko huɗu.

Na uku, kuɗi a hannu. Ambulan ɗin da aka tara ranar farko cikin zumuɗi zai ƙare cikin makonni, zumuɗin ma ya ƙare, daga nan sai gaisuwa a bakin ƙofa. Kuɗin da za a damƙa masa gara a biya wa mai gidan sana'a: ɗinki, walda, gyaran babur, gyaran waya, kafinta. In manomi ne, a ara masa gona ta damina biyu da iri da taki, a rubuta yarjejeniya, domin mai gonar kan ga amfani ya yi kyau ya ce yana son kayarsa. A watan farko kuma a sa mutum ɗaya ya bi masa sawun takardu, ya raka shi kotu a yi takardar rantsuwa kan waɗanda suka ɓata, a dawo masa da layin wayarsa.

Akwai masu yawo coci coci da labarin kora suna karɓar kuɗi, wannan gaskiya ne, duk ma'ajin da ya daɗe ya san su. Maganinsu ba wuya. Mai neman kuɗi kawai, in aka ce ga ɗaki, ga tuwo, ga wurin koyon aiki da ƙarfe bakwai na safe, ba ya kwana uku. Abin takaici shi ne yadda ake fakewa da su a wanke hannu daga na gaskiya.

Batun yara ƙanana kuwa ba na wasa ba ne. Wanda bai kai shekara 18 ba yana ƙarƙashin iyayensa, kuma ɓoye shi ba da saninsu ko sanin hukuma ba laifi ne da ke jawo wa gari duka fitina. Mun yi ta kuka in an yi wa 'ya'yanmu mata haka, saboda haka ƙa'idar ɗaya ce ko ta wane gefe. In ana tsoron ran yaron na cikin haɗari, a nemi lauya da ofishin jin daɗin jama'a, a yi komai a rubuce.

Sai gwaji na ƙarshe, wanda ke tona asirin zumuncinmu. Bayan shekara uku saurayin nan ya iya sana'a, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, kowa na ce masa ɗan'uwa. Ran da ya nemi 'yar dattijon ikilisiya, sai a fara tambayar asalinsa, su wa za su zo neman auren, in ya koma fa? Mutumin da ya rasa danginsa saboda Almasihu, aka hana shi mata saboda ba shi da dangi, an hukunta shi sau biyu kan abu ɗaya. Dattawa biyu su tsaya masa a matsayin iyaye, zumuntar mata ta haɗa kayan, iyayen yarinya su sassauta sadaki. Yawancin waɗanda suka koma inda suka fito ba wa'azi ne ya rinjaye su ba, kaɗaici ne.

Za a ce ina kuɗin yin duk wannan a ikilisiyar ƙauye? Mu ɗauko tiya. Buhun masara ko dawa mai kilo 100 yana cin kimanin tiya 40. Gida mai mutum shida yakan ci kusan tiya ɗaya a rana, wato buhu tara a shekara, mutum ɗaya kuma buhu ɗaya da rabi. A ce ikilisiya tana da gidaje 50, kowane gida ya kawo tiya huɗu da kaka. Tiya 200 ke nan, buhu biyar, abincin mutum uku na shekara guda, ko na gwauruwa da 'ya'yanta huɗu na kusan wata takwas. Tiya huɗu ba ta karya kowane manomi a watan Nuwamba. Hatsin ma ai ana kawowa, a sujadar godiya ta kaka har ya fi haka. Inda yake salwanta shi ne gwanjon da ake yi a ranar, a lokacin da hatsi ya fi araha a duk shekara, a zuba kuɗin a kwanon rufi ko tayil ko sabuwar lasifika. Sai Yuli da Agusta, farashi ya hau, rumbuna sun yi ƙasa, gwauruwa ta zo, a ce baitulmali ba kuɗi. A ware kashi ɗaya cikin uku na hatsin godiya kada a sayar. A shanya shi ya bushe sosai, a zuba a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai ciki uku, a ɗaure kowane ciki daban, musamman wake da ƙwari ke saurin ci, a ɗora kan katako nesa da bango. Makulli biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata, da littafin shiga da fita. Shigar da mata cikin riƙon makullin ba don ado ba ne, su suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya.

Bayan sababbin tuba, rukuni na biyu da ake yawan yi wa wa'azin sadaukarwa su ne ma'aikatan ikilisiya da kansu. Tarihinmu cike yake da waɗanda suka biya da rai. Turawan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, a 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, kuma sai 1902 aka iya kafa tashar mishan ɗinsu ta farko a Patigi. Daga 1948 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda ta zama EMS, reshen aikin bishara na ɗarikar ECWA, manoma da malaman makaranta suka riƙa barin garuruwansu da iyalansu zuwa bakin daga. A zamaninmu EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun farawarta a Garkida a 1923: yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) reshen Michika, an kama shi an kashe a Janairun 2020. Leah Sharibu, da aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi a Fabrairun 2018, an sako sauran aka riƙe ta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta.

Ana ambatar waɗannan sunaye a wa'azi, ya kuma dace a ambata. Damuwata ita ce yadda ake amfani da su a rufe bakin mai bisharar da ya yi wata huɗu ba a biya shi ba. Sadaukarwa abu ne da mutum ke miƙawa da kansa. Abin da aka ƙwace masa ta hanyar sakaci ko rashin tsari sunansa tauye hakki, ko da an karanta aya a kai. Bulus ya ce Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara, ya kuma ɗauko dokar da ta hana a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka. Shi Bulus ya zaɓi ya yi ɗinkin tanti ya ciyar da kansa, amma shi ya zaɓa, ba kwamiti ya zaɓar masa ba. Inda babban fasto a birni ke sauya mota, mai bishara a ƙauye kuma 'ya'yansa na zaune gida saboda kuɗin makaranta, duk a ƙarƙashin ɗarika ɗaya, Matiyu 23:4 ya shafe mu: ana ɗaura wa mutane kaya masu nauyi, masu ɗaurawar ba sa taɓawa ko da yatsa.

Gyaran nan ma na lissafi ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, kuma ikilisiyar da ke tsawata wa gwamnati kan hakkin ma'aikata bai kamata ta biya nata ƙasa da haka ba. In ƙaramar ikilisiya ba za ta iya ba, gunduma ta haɗa baitulmalin albashi wuri ɗaya, manya su ɗauki ƙanana, abin da 2 Korantiyawa 8:13-14 ke kira daidaitawa. Dokar fansho ta 2014 ta yanka kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kashi 8 daga ma'aikaci. A kan 70,000, naira 7,000 ke nan da 5,600 a wata, kuma a zuba su a asusu mai sunan ma'aikacin, kada a bar su a baitulmalin da za a ranta ran da ginin ofis ya tsaya. A sa iyalinsa a inshorar lafiya ta jiha, domin tiyatar haihuwa ɗaya ta isa ta cinye albashin watanni. Canjin wurin aiki kuma a yi shi bayan kaka. Mai bisharar da ya zuba bashin taki a gona aka ɗauke shi a Agusta ya yi noma ne wa magajinsa.

Abin da ya fi ciwo yana zuwa bayan jana'iza. An yi jawabai, an ce ya yi tseren ya gama, manyan baƙi sun tafi. Bayan 'yan watanni sabon fasto na tafe, gidan kuma na ikilisiya ne, sai a fara aika wa gwauruwa saƙo a kaikaice. Mutumin da ya yi shekara 30 ana yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan ba shi da ko fili a garinsu. Labarin 2 Sarakuna 4 ke nan, matar ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, mijinta mai tsoron Allah ya mutu ya bar bashi, mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Elisha bai yi mata wa'azin haƙuri ba, ya tambaye ta me take da shi a gida, ya kuma tabbata ta biya bashin ta sami na ci. A rubuta a dokar ɗarika cewa gwauruwar ma'aikaci tana da shekara guda a gidan, ko a biya mata hayar shekara, da rabin albashi na wannan lokaci, da kuɗin makarantar yara har su gama sakandare. Tun ma'aikaci na shekarunsa na farko a taimaka masa ya mallaki fili da takarda da sunansa.

A ɗaya gefen kuma akwai masu juya alkawarin riɓi ɗari ya zama caca. Shuka iri, in ji su, kawo dubu goma ka girbi miliyan. Nassin bai yi maganar wanda ya ba mai wa'azi kuɗi ba, maganar wanda ya rasa gida da dangi yake yi, kuma a tsakiyar jerin ladan akwai tsanani, wanda ba a taɓa jin sun karanta shi da ƙarfi. Sukan kafa hujja da gwauruwar da ta zuba anini biyu a Markus 12. A koma aya biyu baya a ga Yesu yana la'antar malaman da ke cinye gidajen gwauraye, a ci gaba kaɗan a ji yana cewa Haikalin da ta zuba kuɗin dominsa ba dutsen da za a bari a kan wani. Ya yaba wa zuciyarta, bai ba kowa lasisin karɓe abincin darenta ba. A Markus 7 ma ya ƙi dabarar keɓe dukiya da sunan Allah domin a guje wa kula da iyaye. Wanda ya kai kuɗin makarantar ɗansa ko na maganin mahaifiyarsa wurin shuka iri, 1 Timoti 5:8 ta riga ta yi magana a kansa, kuma ba yabo ba ne. Gidauniyar da ake kiran suna da adadi a lasifika, har talaka ya yi alkawarin abin da ba shi da shi don kunya, ita ma 'yar gidan ce.

Ganganci ma ba sadaukarwa ba ne. Yesu ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. An zurara Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu, ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan Roma ya hana a yi masa bulala, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Shugaban da ke zaune a birni yana hana mai bishara kwashe iyalinsa daga ƙauyen da 'yan bindiga suka aiko wa gargaɗi, wai kada a ce bangaskiya ta gaza, da ran wani yake yin jarumtaka. Wanda kuma ya zagi addinin maƙwabcinsa ya jawo wa kansa da unguwa wuta, ya karanta 1 Bitrus 4:15 kafin ya kira abin tsanani.

Akwai sadaukarwar da ta fi waɗannan yawa a cikinmu, ba a dai yi mata waƙa. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar kwangilar ƙarya aka tura shi ofishin da ba kowa. Malamar da ta ƙi buɗa wa ɗalibai amsa a jarrabawa, mai makaranta ya sallame ta. Da saurayin da aka ƙone shagonsa a rikici, abokansa suka ce a fita ramuwa, ya ƙi. Jos ta ga irin wannan a 2001 da 2008 da 2010, Kaduna a 2000 da 2011. In za mu karanta masa Romawa 12:19 cewa ramuwa ta Ubangiji ce, to mu biya masa lauya, mu raka shi ofishin 'yan sanda, mu haɗa masa jarin sake buɗe shago. Idan ba haka ba, wanda ya ba shi adda zai fi mu kama da ɗan'uwa. A Yunin 2018 a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Ikilisiyar da ke jin nauyin ba mutum ɗaya ɗaki na wata shida ta auna kanta da wannan dattijo.

Ba ina cewa ikilisiya za ta iya mayar da duk abin da aka rasa ba ne. Ba wanda zai maye wa mutum uwar da ta haife shi, shi ya sa ya kamata a ƙarfafa sabon tuba ya ci gaba da aika gaisuwa da ɗan abin hannu gida ko ana mayarwa, ya je ta'aziyya in hanya ta yi lafiya. Kuɓuta ma ba a yi alkawarinta ba. A Ayyukan Manzanni 12, sura ɗaya, sarki ɗaya, an sare Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fito da shi daga kurkuku, ba a kuwa ce Bitrus ya fi shi bangaskiya ba. Wannan ɓangare yana hannun Allah. Namu shi ne wanda ake iya aunawa da tiya da naira.

Masu ja da wannan ra'ayi sukan ce in aka tsara taimako haka, mutane za su zo don tuwo, bangaskiya kuma ta zama ciniki. Waɗansu za su zo don tuwon, babu shakka. Wa'adin wata shida zuwa shekara da sharaɗin koyon aiki su ne matacin, kuma Bulus ya riga ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ɗaki ɗaya da buhu ɗaya da rabi ba su kai kusa da abin da mai barin gidansu ya rasa ba, balle su zama abin kwaɗayi.

Kowace ikilisiya tana da taron ƙarshen shekara inda ma'aji ke karanta rahoton kuɗi. A wannan zama kowane cikakken memba na da ikon ɗaga hannu ya nemi a karanta adadi uku kusa da juna: abin da aka kashe a gini da kayan sauti, abin da aka kashe a tarbar manyan baƙi da kyautar shugabanni, da abin da ya isa hannun gwauraye, sababbin tuba da masu bishara na bakin daga. In na ukun bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga ba, a kawo shawara a wurin, a sami mai goyon baya, magatakarda ya rubuta, a yanka kason kafin a amince da kasafin shekara mai zuwa.